A Tambayi 'Yan Kasuwa Kafin A Ƙera Musu Manhaja

Jama'a, 'yan'uwa talakawa da 'yan kasuwa, ga wani abu da kowa a cikinmu ya gani da idonsa, ko kuwa ya faɗa masa a kansa. Mai hatsi a Dawanau ya auna wa baƙo buhu goma na masara, 'yan dako sun loda a mota, baƙo ya danna waya ya ce ya tura kuɗi. Ya juyo da fuskar wayar, ga shi kuwa kuɗi sun fita daga asusunsa. Mai hatsi ya duba tasa wayar, shiru. Ya kashe ya kunna, ya ɗaga ta sama kamar mai duban wata, shiru. Direba yana ta matsa hon, rana tana yi, baƙo yana da nisan tafiya a gabansa. To, a saki kaya ko a riƙe? In ya saki, wataƙila jarinsa ke nan ya bi iska. In ya riƙe, ya mai da mutumin kirki ɓarawo a bainar jama'a. Ba mai laifi a cikinsu, amma ga shi an fara nuna wa juna yatsa.

Je ka kai ƙara wurin waɗanda suka ƙera manhajar, za su buɗe littafinsu su ce maka ai ta yi aikinta, kuɗin sun shiga da asuba. Gaskiyarsu, sun shiga. Sai dai cinikin da la'asar aka yi shi, mutuncin da ya zube kuwa ba ya kwasuwa da asuba.

A nan ne muke so mu ja hankalinku ga wata magana da injiniyoyin kwamfuta suka sani sarai, amma ba su cika faɗa wa irinmu ba. Su da kansu sun raba abin da ake bukata daga manhaja kashi biyu. Kashi na fari shi ne aikinta, watau ta tura kuɗi, ta nuna abin da ya rage a asusu, ta ba da rasit. Kashi na biyu shi ne abin da mu za mu kira halinta, watau cikin daƙiƙa nawa za ta yi aikin, mutum nawa za ta iya ɗauka a lokaci guda ba ta durƙushe ba, in sabis ya yanke a tsakiya me zai sami kuɗin, ɓarawo zai iya kutsawa ko ba zai iya ba, tsohuwa mai sayar da daddawa za ta iya sarrafa ta ko sai ta nemi jikanta. Duk wanda ya taɓa sayen jaki ya san wannan rabo. Kowane jaki yana ɗaukar kaya, wannan aikinsa ne, ba a cinikinsa. Abin da ake dubawa a kasuwa shi ne zango nawa zai yi bai kwanta ba, yana turjiya a bakin rafi, yana harbi, harawa nawa yake ci. Ba mai hankalin da zai biya kuɗi don an gaya masa jaki yana da baya.

Kada wani ya ce mu muka ƙago zancen nan. Ƙungiyar ma'auni ta duniya da ake kira ISO ta fitar da littafi guda a kansa a shekarar 1991, sa'an nan a 2011 ta sake fitar da wani mai lamba 25010, inda ta jera siffofi takwas na manhajar kirki, har da sauri, da ƙarko, da tsaro, da sauƙin amfani, da sauƙin gyara. A 2023 aka sake bitarsa, siffofin suka zama tara. Watau dai abin a rubuce yake, ana koyar da shi a jami'o'i.

To, ga inda gizo ke saƙar. Waɗannan halaye ba sa taruwa duka a cika, taura biyu ba ta taunuwa. In aka tsananta tsaro, aka ce sai lambar sirri, sai wata lambar da za a aiko ta saƙo, sai hoton fuska, to an rage sauƙi, an kuma rage sauri, wanda ke ƙauyen da saƙo ba ya shiga sai ya hau tudu ya shiga uku. In aka ƙawata manhaja da hotuna da launi, za ta ci data, ta cika tsohuwar waya, ta shanye caji. In ana so ta jure cunkoson jajibirin salla, tilas a sayi manyan na'urori da za su zauna ba aiki sauran kwanakin shekara, mai kamfani kuwa yana lissafin kuɗinsa. Saboda haka ko an so ko an ƙi, sai an zaɓa: wannan a gaba, wancan a baya. Zaɓen nan kuwa wani ne yake yinsa, a wani ɗaki, a wata rana, tun kafin a rubuta layi ɗaya na manhajar. Tambayarmu ita ce, wa yake cikin ɗakin?

Mai banki yana ciki, shi burinsa a gama da wuri, a kashe kaɗan, a riga abokin gasa fitowa. Mai sa ido na hukuma yana ciki ko da a takarda ne, shi burinsa tsaro da bin sawun kuɗi. Injiniya yana ciki, shi yana so abin ya yi masa sauƙin gyara gobe. Dukansu suna da hujja, ba mu ce ba su da ita ba. Amma wanda zai tsaya cikin rana da jarinsa a hannun wannan manhaja, shi ba kujerarsa. Sai an gama a gwada a ofis mai sanyi, da sabuwar waya, da intanet mai ƙarfi, a ga kome lafiya, a yi tafi, a aiko mana.

Mun ga abin da wannan ke haifarwa a farkon 2023. A watan Oktoba na 2022 Babban Bankin Nijeriya, ƙarƙashin Godwin Emefiele, ya ba da sanarwar sauya takardun naira 200 da 500 da 1000, aka sa ranar 31 ga Janairu ta zama ranar ƙarshe ta tsofaffin kuɗi, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Aka kwashe tsofaffi, sababbi ba su wadata ba, aka ce da jama'a ku koma tura kuɗi ta waya. Jama'a kuwa suka koma, gaba ɗaya, rana ɗaya. Manhajojin bankuna da yawa suka durƙushe. Ka tura a cire maka, wancan bai gani ba. Ka danna lambar nan ta tauraro da ake yi da ƙaramar waya, ta yanke maka kana tsakiya. Masu tumatir da kifi suka yi ta karya farashi don kada kaya su ruɓe a hannunsu, mai shanu ya kora dabbarsa gida don ba ya yarda da saƙon da bai gani ba. Sai ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce tsofaffin kuɗi su ci gaba da yawo. Ba a fafe gora ranar tafiya. Da an zauna tun farko an tambaya, in duk kasuwannin ƙasar nan suka hau kan layi a yini guda, layin zai ɗauka? Kowane sarkin kasuwa zai iya ba da labarin yadda ranar kasuwa take bambanta da sauran ranaku. Ba a tambaye shi ba.

Abin lura kuma, a watannin nan ne 'yan kasuwa da dama suka yi ƙaura zuwa sababbin kamfanonin kuɗi irin su OPay da Moniepoint. Ba wani sabon aiki suka kawo ba, tura kuɗi ne dai kamar kowa. Abin da mutane suka bi shi ne kuɗi su shiga yanzu, a ji ƙarar alat kafin mai saye ya juya baya. Da ba a tambaye mu da baki ba, mun ba da amsa da ƙafa.

Haka ta faru da eNaira. An ƙaddamar da ita ranar 25 ga Oktoba, 2021, ana ta murna cewa ita ce ta farko irinta a Afirka, an ce don talakan da ba shi da banki aka yi ta. Amma da ta fito, sai mai babbar waya kuma mai asusun banki ne yake iya buɗe ta. Lambar *997# ta masu ƙananan waya ba ta zo ba sai a 2022. A 2023 wani bincike na Asusun Ba Da Lamuni na Duniya ya nuna cewa kashi 98.5 cikin ɗari na asusun da aka buɗe ba a taɓa su a kowane mako. An ɗinka riga ba a auna mai ita ba.

Kada ku zaci wannan ciwon ƙasarmu ne kaɗai. Bari mu kai ku Ingila, ku ji abin da ya sami masu ƙananan kantuna irinku. A can, yawancin ƙananan gidajen waya na unguwanni da ƙauyuka 'yan kasuwa ne suke riƙe da su, mutum yana sayar da jarida da alewa a gefe, yana aikin gidan waya a gefe. A 1999 hukumar gidan waya ta fara kafa musu wata manhajar lissafi mai suna Horizon, wadda kamfanin Fujitsu ya ƙera. A yarjejeniyarsu, in lissafi ya nuna giɓi, mai kanti ne zai cika daga aljihunsa. Manhajar kuwa tana da kurakurai, takan nuna giɓin da babu shi. Mai kanti ya ƙirga kuɗinsa daidai, na'ura ta ce da saura dubbai. Ya buga waya neman taimako, a ce masa shi kaɗai ne yake wannan kuka. Daga 1999 zuwa 2015 an gurfanar da mutum fiye da 900 bisa zargin sata ko ha'inci a lissafi. Wasu aka ɗaure su, wasu suka sayar da gidajensu, wasu suka mutu da tabon sata a sunansu, har akwai waɗanda suka kashe kansu. Sai da wani mai kanti, Alan Bates, ya tara 'yan'uwansa 555 suka shiga kotu, a 2019 alƙali ya tabbatar cewa manhajar tana da kurakurai, kuma ma'aikatan kamfanin suna iya taɓa lissafin kanti daga nesa. A 2024 majalisar ƙasar ta yi doka ta wanke waɗanda aka hukunta.

Ku duba da kyau. Da an tara masu kantunan nan tun farko an ce, wane hali kuka fi so manhajar nan ta kasance da shi, ba shakka da sun ce: in ta ce akwai giɓi, mu iya bin sawun lissafin da kanmu, mu ga inda ya ɓata, kuma kada kowa ya taɓa littafinmu ba da saninmu ba. Wannan bukata ba ta cikin aikin manhaja, ba saye ba ce, ba sayarwa ba. Amma rashinta ne ya kai mutane kurkuku. Duk mai POS da ke karanta wannan shafi ya tambayi kansa, ranar da na'urarsa ta ce wani abu shi kuma ya ce wani, wa za a gaskata, kuma da wace shaida zai kare kansa?

Mun san abin da za a ce mana. Za a ce talaka bai san kwamfuta ba, in an tambaye shi ma ba abin da zai faɗa. Akwai ƙanshin gaskiya a ciki. In ka tare mai ƙosai ka ce, Hajiya, tsakanin ƙarko da tsaro wanne kika fi so, za ta dube ka ta ci gaba da juya ƙosanta. In kuma ka kawo takarda ka ce a yi maki a kan kowane hali, mai muhimmanci ne ko ba mai muhimmanci ba, kowa zai ce duka masu muhimmanci ne, ka tashi ba ka ƙaru da kome ba. Wa zai ce ba ya son sauri? Wa zai ce ba ya son tsaro? Amma wannan laifin mai tambaya ne. Masana wannan fanni sun daɗe da gano haka, sun kuma fito da dabaru, ba ko ɗaya a ciki da ta fi ƙarfin ɗan kasuwa.

Dabara ɗaya ita ce a ba kowa maki ɗari, a ce ya raba su a kan halayen yadda ya ga dama. Da yake ɗarin ba ta ƙaruwa, duk abin da ya ƙara wa sauri ya rage wa wani. Turawa da dala ɗari suke kwatanta ta, mu sai a zube mana tsakuwa ɗari ko ƙwayar wake a kan tabarma. Ma'aikatan lafiyar dabbobi sun daɗe suna yin haka da makiyaya, su tara tsakuwa su nuna wace cuta ta fi cin garke, ba a bukatar boko. Wata dabarar ta wani malamin lissafi ce a Amurka, Thomas Saaty, tun shekarun 1970: a riƙa ɗauko abu biyu biyu, a ce wannan da wannan wanne ya fi, kuma da nawa ya fi. Tana da kyau don tana tona wanda yake saɓa wa kansa, sai dai tana da gajiyarwa, gama abu takwas kawai sai an yi tambaya 28, wa zai bar rumfarsa don wannan? Mu a ganinmu wadda ta fi dacewa da kasuwa ita ce ta cibiyar injiniyoyin manhaja ta jami'ar Carnegie Mellon, inda ake tara masu ruwa da tsaki, kowa ya kawo labarin abin da zai iya faruwa, sa'an nan a jefa ƙuri'a a kan labaran. Ba a ce maka tsaro ko ƙarko. Ana cewa: ranar kasuwa ce, ƙarfe huɗu, an tura maka kuɗin sa, sabis ya ɗauke, me kake so ya faru? Kai, a nan ɗan kasuwa zai yi bayani har mai rubutu ya gaji. Zai ce ko dai kuɗin su shiga ko su koma nan take, kada su rataya a sama. Zai ce a aiko mana saƙo mu biyu, ni da mai saye, magana ɗaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wadda ta fi duka kuwa ita ce injiniya ya cire takalmin ofis ya zo ya yini a rumfa. A Kenya an yi haka. A 2005 kamfanin Safaricom da Vodafone suka fara gwajin M-Pesa a garin Thika da wasu unguwannin Nairobi, niyyarsu mutane su riƙa biyan bashin wata cibiyar ba da ƙananan rance ta waya. Da suka sa ido sai suka ga jama'a suna wani abu dabam: wannan yana aika wa ɗan'uwansa, ɗan kasuwa yana zuba cinikinsa da yamma don kada ya kwana da kuɗi, matafiyi yana zubawa kafin ya hau mota ya cire in ya sauka. Ashe abin da ke ran mutane shi ne aminci daga ɓarayi da isar kuɗi gida. Suka saurara, suka sake tsari, suka fito da ita a watan Maris na 2007, tana aiki a kan ƙaramar waya kowace iri, ba data, kowane ciniki da saƙon shaida. Ba wani sihiri a ciki, an dai kalli masu abin kafin a yanke musu.

Amma fa mu faɗa wa kanmu gaskiya, ko da ɗaci. In aka bar mu mu kaɗai, da yawanmu za mu zuba tsakuwarmu duka a kan sauri da sauƙi, mu bar tsaro ba ko ɗaya, sai ranar da ɗan damfara ya kira ya ce daga banki yake, ya kwashe jari, sa'an nan mu zo muna salati. Mutum ba ya jin zafin abin da bai taɓa samunsa ba. Don haka akwai ƙasan da bai kamata a sauka ba ko da mun roƙa, wannan hakkin injiniya ne da hukuma su tsare. Abin da muke nema shi ne a gaya mana farashin kowane zaɓi a fili: in kuna son kaza, za ku rasa kaza. Mu 'yan ciniki ne, mun san tayi da albarka.

Sa'an nan mu kanmu ba ɗaya muke ba. Dillalin shanu a Maigatari da ke karɓar miliyoyi a ciniki guda zai yarda ya jira minti biyu in dai kuɗin sun tabbata. Mai shayi da ke karɓar ɗari biyu ɗari uku daga mutum hamsin kafin hantsi ba zai iya jiran ko rabin minti ba, kuma cajin naira 6 da kwabo 98 da aka ɗora a 2021 a kan kowace dannawar lambar tauraro ya fi cizonsa nesa ba kusa ba. Matar da ke cikin gida tana aika yara da talla, ita damuwarta wayar da ake tura kuɗin ba a hannunta take ba. Ga makaho da ke son waya ta yi masa magana, ga dattijon da ke karanta ajami tsaf amma boko ya gagare shi, ga wanda Turancin manhaja ya sa yake miƙa wa yaron maƙwabci lambar sirrinsa. In kamfani ya gayyaci manyan 'yan kasuwa biyar zuwa otal, aka ci kaji aka ɗauki hoto, ya ce ya tuntuɓi jama'a, to ƙarya yake yi, kuma shugabanninmu da suka je suka yi shiru sun taya shi.

Abu na ƙarshe da muka koya daga injiniyoyin kansu shi ne, halin da ba a sa masa lamba ba, ba a iya kama kowa da shi. In an ce manhaja za ta yi sauri, wannan zancen talla ne. In an ce cikin daƙiƙa kaza saƙo zai iso, ko ranar jajibiri, wannan alkawari ne da za a iya aunawa. Akwai misali a gida: a watan Yuni na 2020 Babban Banki ya umarci bankuna cewa in na'urar cire kuɗi ta wani banki ta ci kuɗin mutum ba ta ba shi ba, a mayar cikin awa 48, in kuwa ta POS ce ko ta intanet, a warware cikin awa 72. Ko ana cikawa ko ba a cikawa, kun fi mu sani. Amma da yake akwai lamba, mai ƙara yana da abin riƙewa. Mu dai muna ganin awa 72 ta yi wa mai kayan gwari yawa, kwana uku tumatir ya zama ruwa, kuma da an tambaye shi da ba haka aka rubuta ba.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙungiyoyin kasuwa, na Kwari da na Singa da na Kurmi da na ƙauyuka, kada su jira a gayyace su. A taro mai zuwa a ware awa guda, a kira mata da masu ƙananan sana'a su ma su zo, kowa ya ba da labarin ranar da waya ta kunyata shi. A zube tsakuwa a zaɓi guda biyar da suka fi ciwo, a sa wa kowanne lamba, daƙiƙa nawa, awa nawa, naira nawa, a rubuta da Hausa da Turanci, sakatare ya sa hannu. Duk wakilin banki ko na kamfani da ya shigo kasuwa da jakar na'urori yana neman a buɗe asusu, a zaunar da shi a kan benci, a miƙa masa takardar, a ce ya kai wa manyansa su amsa a rubuce kafin kasuwa ta gaba.